Aikin Hannu, Amma Hannun Wa?

Ƙarshen zangon da ya wuce, 'yata da ke aji 5 na firamare ta dawo gida da saƙo daga makaranta. An ce kowa ya kawo aikin hannu ranar Litinin. Wanda bai samu ya yi ba, ya kawo tsintsiya biyu ko naira 500.

Na tambaye ta abin da aka koya musu yi a wannan zangon, don mu zauna mu yi shi tare. Sai ta ɗauko mini littafinta na darasin da suke kira CCA, wato darasin al'adu da zane da aikin hannu. Na bi shi shafi-shafi, rubutu ne zalla daga farko har ƙarshe, kuma da Turanci. Ma'anar zane, ire-iren layi, kaloli uku na asali. Ta haddace cewa in aka haɗa shuɗi da ruwan ɗorawa kore ake samu. Na ce, "Kin taɓa haɗawa kin gani?" Ta ce a'a.

Abin da ya fi ƙona mini rai shafi biyu ne a kan rini. An jero kayan aiki, an jero matakai, ta kwafa tsaf da rubutunta mai kyau. Daga gidanmu zuwa marinar Ƙofar Mata bai kai tafiyar minti ashirin a adaidaita sahu ba, amma yarinyar nan ba ta taɓa ganin an tsoma ƙyalle a baba ba.

Ranar Lahadi mahaifiyarta ta aika aka sayo tsintsiya biyu a bakin titi. Da sakamako ya fito, an ba ta maki 80 a aikin hannu.

Matsayina a kan wannan a fili yake. Darasin zane da aikin hannu a firamare da ƙaramar sakandare, ko dai a yi shi da hannun yaro, a cikin makaranta, a gaban malami, ko kuma a daina yaudarar kai da ba da maki a kansa. Kuma ina ganin yin sa bai fi ƙarfinmu ba, domin kayan aikin da masu koyarwar duk suna cikin unguwanninmu.

An sa darasin ne a cikin manhajar ilimin shekara tara da aka fara aiki da ita a 2008, inda aka haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da sana'o'in hannu a ƙarƙashin suna ɗaya. Ba baƙon abu ba ne ma a nan Kano. Makarantar boko da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana da ɓangaren koyon sana'o'in hannu. Iyayenmu da suka yi firamare suna ba da labarin tufkar igiya da saƙar faifai a makaranta. A hankali ne abin ya rikiɗe ya koma "kawo tsintsiya", daga nan ya koma "kawo kuɗin tsintsiya".

Na yi wannan maganar a majalisarmu, kuma ban rasa masu ja da ni ba.

"Yaran da ba su iya karatu ba za ka kawo wa zane?"

Wannan ita ce ta farko, kuma mai faɗinta yana da hujja. Kowa ya san akwai ɗan aji 6 da ba ya iya karanta jimla guda, da Hausa ko da Turanci. In aka ce in zaɓa tsakanin malamin karatu da malamin zane a makarantar da ba ta da ko ɗaya, malamin karatu zan ɗauka, ba sai na yi shawara da kowa ba.

Sai dai ba zaɓin da ke gabanmu ke nan ba. Lokacin darasin yana nan a jadawali, an riga an ware shi. Abin tambaya shi ne me ake yi da shi. Yanzu kwafar Turancin da yaro bai fahimta ba ake yi, kuma wannan bai taɓa koya wa kowa karatu ba.

Mu duba makarantar allo, wadda ba wanda zai ce wasa ake yi a cikinta. Almajiri shi yake feƙe alƙalaminsa, ya san yadda ake haɗa tawada da gawayi da ƙaro, ya wanke allonsa ya shanya. Hannunsa ya saba da kayan rubutu kafin rubutun nasa ya yi kyau. In ya zo sauka, a yi masa zayyana a allo, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai zayyana yana aiki ya san lissafi ne tsantsa: raba fili gida biyu, a sake raba shi huɗu, dama ta yi daidai da hagu, sama ta yi daidai da ƙasa. Yarinyar da ke saƙa faifai tana ƙirga ɗauri kafin ta sauya launi, in ta yi kuskuren ɗaya adon ya karkace, kuma ita da kanta za ta gani ba sai an ɗaga mata bulala ba.

Shi kuma ɗan ƙaramar sakandare, a darasin kimiyya za a ce ya zana fure ya nuna sassansa, ya zana zuciya, ya zana taswira. Wanda bai taɓa zaunawa ya ƙura wa ganye ido ya zana shi ba, abin da ke allo kawai zai kwaikwaya, har da kuskuren malam.

"Ina kuɗin kayan aiki?"

A nan ina ganin littattafan ne suka ruɗe mu. Sun sa mun ɗauka darasin zane sai da fenti na kwalba da buroshi da farin kwali na kanti. In haka ne kuwa, gaskiya makarantar gwamnati da ke fama da alli ba za ta iya ba.

Amma wa ya saya mana kayan aiki lokacin da muke yara? Da damina mukan kwaɓa laka mu gina shanu da doki da 'yan tukwane. Da kaka mu fere kara mu yi mota, har da ƙofar da ke buɗewa, ko mu sami langa-langa da murafen kwalba mu yi wadda ta fi ta kara ƙarko. 'Yan mata su yi 'yar tsana su ɗinka mata zane da ƙyallen da suka tsinto a shagon tela. Ba wanda ya ba mu maki, wani lokaci ma duka muke sha don mun ɓata kaya.

Launi ma yana nan. Gawayi baƙi ne. Akwai jar ƙasa da farar ƙasa. Zoɓo, lalle, gangamau, da karan dafi da dukawa suka daɗe suna jan fata da shi. Ƙaro ya isa gam. Kwalayen da masu shago ke zubarwa sun isa takarda. Kaba kuwa ba ta da tsada.

Ban ce ba za a kashe ko kwabo ba. Ana buƙatar almakashi da allura da zare da fensir. Amma makarantun kuɗi da ke karɓar dubbai a hannunmu don bikin yaye 'yan nazare, da riga da hula irin ta 'yan jami'a, ba su da bakin cewa almakashi goma ya gagare su. Haka ranar al'adu da ake yi shekara-shekara: a yi wa yaro hayar alkyabba, a ɗauki hoto, a watse. Bai san sunan ɗinkin da ke wuyan rigar da ya sa ba, balle ya bambanta aska biyu da aska takwas.

Maganar addini

Wannan ba a cika faɗinta da ƙarfi ba, amma tana zukatan iyaye da malamai da yawa, kuma bai kamata a yi mata ba'a ba. Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin sura ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim. Uban da ya ce ba ya so a sa ɗansa zana mutum ko dabba, ba jahilci ne ya sa shi ba.

Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba. Abin da na ji daga malamai shi ne, wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce masa da yin zane yake ci, sai ya karanta masa hadisin gargaɗin, sannan ya ce in dai lallai sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Kuma an ruwaito Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Malaman fiƙihu sun yi bayani mai tsawo a kan bambancin abin da aka sassaƙa mai inuwa da wanda aka zana a shimfiɗe, da kuma kayan wasan yara. Wannan fagensu ne.

Abin da ya shafe ni shi ne, ko mutum ya ɗauki ra'ayi mafi tsauri, abin da ya rage a buɗe ya fi abin da aka rufe yawa nesa ba kusa ba. Kakanninmu Musulmi ne, da yawansu malamai, kuma ba su bar bango ko riga ko ƙwarya haka nan fayau ba. A je tsohon birnin Zariya ko unguwar Birni a Damagaram a ga adon da ke fuskar zaurukan. A shiga Gidan Makama a ɗaga kai a kalli ɗaurin guga, wato salon ginin rufinsa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, har yau masana gini suna zuwa kallon bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufinsa. A Yaama ta jihar Tawa a Nijar, masallacin laka da magini Falke Barmu ya gina ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Dagin arewa da muke mannawa a mota da hula, wani ne ya zauna ya fitar da shi, kuma ɗan aji 4 zai iya koyon zana shi da ɗigo da layi a darasi ɗaya.

Saboda haka malamin da ke tsoron faɗawa cikin shubuha yana da aikin shekara tara a gabansa ba tare da ya zana ko ƙadangare ba. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a fake da addini a bar yara da kwafar ma'anar layi.

"Me zai ci da shi?"

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira 20 ya riƙe hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya. 'Yar ƙabilar Gwari ce daga garin Kwali, a gida ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a garin da a lokacin ake kira Abuja, Suleja ta yanzu. Aikinta ya kai ta Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Na tambayi 'yata ko ta san matar da ke jikin kuɗin. Sunan yana littafinta, a jerin da aka ba su su haddace. Laka kuwa ba su taɓa ba.

Ba sai an je ga Ladi Kwali ba ma. Mai ƙunshin amare a unguwarmu, in lokacin biki ya kama, sai an yi layi. Masu ɗinkin hula, masu aikin rufin silin na ado, masu rubuta allon shago, samarin da ke tsara katin biki da fostar 'yan siyasa a waya da kwamfuta, duk da ido da hannu suke ci. Wanda zai karanta zanen gine-gine a jami'a ma sai ya iya riƙe fensir, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma bari in faɗi abin da nake zargin yana ƙarƙashin wannan tambayar, wanda ba ma son faɗa. Mun raina masu sana'ar hannu. Muna son takalmin baduku da rigar marini, amma ba ma son a ce ɗanmu ya zauna a gabansu yana koyo. A tunanin da yawa daga cikinmu, an kai yaro boko ne don ya tsere wa irin wannan aikin, hannunsa ya yi laushi, ya zauna a ofis. Shi ya sa in ya dawo gida da laka a riga sai mu ji kamar an mayar da shi baya. Su kansu masu sana'ar sun karɓi wannan hukuncin. Na san baduku da ya hana 'ya'yansa zama a rumfarsa, ya ce ba ya so su ƙare kamar shi. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka yi ɗaruruwan shekaru ana haura Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, ga inda jikokin masu aikinta suka tsaya.

Ni dai ba don 'yata ta zama marina nake wannan maganar ba, ko da yake in ta zama ban ga abin kunya ba. Abin da nake so ta samu shi ne ta fara abu da hannunta, ya lalace, ta gano inda ya lalace, ta sake. A sauran darussa amsa ɗaya ce, tana wurin malam. A nan ne kawai yara arba'in za su yi abu arba'in, kowanne ya zama daidai.

Kuma kada a ɗauka gargajiya kawai nake kira a koma wa. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya don sun gaji da a koya musu zane kamar a Landan suke. Ba su watsar da abin da suka koya wurin Turawa ba, sun haɗa shi ne da na gidajensu. Yaron yau a bar shi ya zana adaidaita sahu, da layin 'yan garuwa, da ruwan da ya ci unguwarsu bara. Abin da na tsana shi ne malam ya zana kofi a allo, kowa ya kwaikwaya, wanda kofinsa ya fi kama da na malam shi ne gwani. A ajinmu akwai wani yaro da ke cika bayan littafinsa da manyan motoci, har da rubutun da ke jikinsu. Abin da ya samu a wurin malamai shi ne bulala don ya ɓata littafi.

Malami ɗaya, yara casa'in

Wannan ce hujjar da ta fi ba ni wahala. Wani abokina da ke koyarwa a firamaren gwamnati ya ce mini, "Malam, kana magana ne kamar ba ka taɓa shiga aji ba." Yaransa sun haura casa'in, rabi a ƙasa suke zaune. Shi Hausa ya karanta a kwalejin ilimi, aka ɗora masa CCA don ba wanda zai ɗauka. Ya ce in ya kawo laka ajin nan, wa zai share, kuma da wane ruwa za su wanke hannu?

Ban da amsar da za ta share masa hawaye gaba ɗaya. Cunkoson aji laifin gwamnati ne, kuma yana kashe kowane darasi, ba wannan kaɗai ba.

Abin da na ce masa shi ne kada ya ɗora wa kansa bin duk abin da ke littafi. Aiki ɗaya a zango ya isa, in dai an yi shi da gaske. A fita gindin bishiya, a kasa yaran goma-goma, manya su kula da ƙanana kamar yadda gardi ke yi a tsangaya. Kuma ba dole ne shi ya iya ba. A cikin iyayen yaran nan casa'in, ba za a rasa mai saƙar tabarma ko mai ginin tukunya ko mai ɗinkin hula ba. Kwamitin iyaye da malamai ya gayyato shi sau biyu ko uku a zango, a ba shi kujera, a kira shi malam a gaban yara, a kuma sallame shi da abin da ya dace, kada a ce masa "Allah ya saka" kawai. Ɗansa da ke ajin zai ga ubansa a wani matsayi da bai taɓa ganinsa ba.

Sai maganar maki. Jarrabawar da 'yata ta yi a wannan darasin ta zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu ce. Muddin haka ake auna shi, malami zai ci gaba da ba da abin haddacewa, kuma ban ga laifinsa ba. A mayar da mafi yawan makin kan abin da yaro ya yi a makaranta, malam yana kallo. Duk abin da aka kawo daga gida kada a ba shi ko ɗaya.

Na faɗi haka ne don na san halinmu, mu iyaye. A makarantun kuɗi, in aka ba da aikin gida na gina masallaci ko gida da kwali, wurin mai fenti ake kaiwa a biya. Ranar baje koli sai ka ga gini mai fitila da tagogin gilas, wai na ɗan shekara takwas. Malam ya san ba shi ya yi ba, uba ya sani, yaron ma ya sani. Wanda ya yi nasa da kansa, ya karkace, gam ya fito ta gefe, shi ne ke ɓoye shi a bayansa. Mun koya wa yaro tun yana aji 3 cewa ana sayen maki, in ya girma ya nemi wanda zai rubuta masa jarrabawa kuma mu riƙe baki. Ni ma da ke wannan surutun, ai da kuɗina aka sayi tsintsiyar.

Asabar ɗin da ta biyo bayan hutu na ɗauki 'yata muka je Ƙofar Mata, da wani farin ƙyalle da ta ɗaɗɗaure da zare tun a gida. Ana cewa tun 1498 ake rini a wurin. Ramukan da yawa sun bushe, kaɗan ne ke aiki. Wani dattijo ya karɓi ƙyallen, ya bar ta ta riƙe gefe ɗaya, suka tsoma tare. Da suka ɗago shi sai ya fito kore-kore, tana kallo yana juyewa shuɗi a hannunta. Ta ce, "Baba, ya aka yi haka?" Ya ce, "Iska ce, 'yata. Sai ya sha iska yake kamawa." Suka sake tsomawa, suka ɗago, har sau da yawa.

Da aka kwance zaren, da'irorin ba su yi daidai ba, ɗaya ma baba ya shige ta don ɗaurin bai yi ƙarfi ba. Ita ta fara nuna mini wurin, ta ce ta san abin da za ta gyara. Kwana uku farcenta yana shuɗi, mahaifiyarta tana mita. Ƙyallen yana cikin jakarta, shi za ta kai in an sake cewa a kawo aikin hannu, kuma na gaya wa mahaifiyarta kada a ƙara aikawa sayen tsintsiya.